Za mu yanka gonar gado fulotai a bakin ƙauye: takardar dagaci ta isa?

Ɗan Gado:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masana ƙasa da doka. Muna da gonar gado, wajen hekta 2, a bakin garinmu a jihar Kano, kuma gidaje sun riga sun iso ta daga yamma. Magada 9 ne, har da mata da yara biyu da ba su balaga ba. Ra'ayin yawancinmu a yanka ta fulotai, kowa ya ɗauki na gini, a sayar da sauran. Ta gabas titin gwamnatin tarayya ne, ta arewa burtali, sannan akwai layin wuta mai falwayar siminti da ya ratsa ta tsakiya. Dillalai sun ce a kira masu awon igiya, mai unguwa da dagaci su sa hannu, shi ke nan, tunda ƙauye ne ba ruwan gwamnati. Akwai kuma wanda yake son fuloti biyu don injin niƙa da gidan kaji. To takardar dagaci ta isa? Wa ke ba da izinin yanka da gini a ƙauye? Nawa za a bari na hanya, kuma nawa ake ja daga titi da layin wuta?

Barista:

Wa alaikumus salam. Malam Ɗan Gado, da maganar "ƙauye ne ba ruwan gwamnati" zan fara, domin ita ce ta fi jefa masu gonaki da masu saye cikin asara.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, sannan ta raba ta gida biyu. Wadda aka ayyana a matsayin birni tana hannun gwamna kai tsaye, ta ma'aikatar ƙasa. Sauran tana ƙarƙashin ƙaramar hukuma. Amma ba kamannin gari ake dubawa ba. Sashe na 3 ya ba gwamna ikon shata iyakar birni da sanarwa a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, kuma iyakar takan haɗiye ƙauyuka masu rumbuna da garke, musamman na kewayen birnin Kano da na gefen hedikwatar ƙananan hukumomi. Don haka kafin a kafa turke ko ɗaya, ku je sashen ƙasa na ƙaramar hukumarku, ku je ma'aikatar ƙasa ta jiha, ku tambayi abu biyu: gonar tana cikin iyakar birni ko waje, kuma akwai awon gwamnati ko wani aiki da aka riga aka ɗora a kanta? Ku tafi da lambobin wurin waɗanda safiyo ya ɗauko da na'ura, domin da su ake dubawa a taswirar KANGIS, wato hukumar adana bayanan filaye ta jihar Kano, ba da sunan gona ko na marigayi ba.

In tana ciki, magana ta ƙare a kan awon igiya. Zanen fulotan sai hukumar tsara birane ta jiha, wato KNUPDA, ta amince da shi, haka ma zanen kowane gini, kuma sayarwa tana bukatar yardar gwamna bisa sashe na 22.

In tana waje, sashe na 6 ya ba ƙaramar hukuma ikon ba da haƙƙin zama na gargajiya don noma ko gida ko wani amfani. Iyakar da aka sa mata hekta 500 ce ta noma, 5,000 ta kiwo, don haka hekta 2 ɗinku ba ta kusa ba. Sai dai ga inda mutane ba sa karantawa. Sashe na 36, wanda ya bar wa manoma gonakin da suke riƙe da su kafin 1978, shi ne kuma a ƙaramin sashe na 5 ya ce ba a yanka irin wannan ƙasa fulotai, ba a kuma miƙa ta ga wani. Ƙaramin sashe na 6 na wannan sashe ya ce takardar da aka yi a kan haka banza ce, har da tarar naira 5,000 ko ɗaurin shekara ɗaya. Na san kullum ana yanka ana sayarwa ba a kama kowa ba, amma ranar da rigima ta kai kotu, wannan sashe lauyan abokin shari'a zai buɗe. Sashe na 21 ya ce ba a sayar da haƙƙin gargajiya ko jinginar da shi sai da amincewar ƙaramar hukuma, na 26 kuma ya rushe duk cinikin da ya saɓa wa dokar. Mafita ita ce ku fara yi wa gonar rajista a ƙaramar hukuma da sunan magada, ku rubuta neman canza amfaninta daga noma zuwa gidaje, ku haɗa da zanen safiyo, ku karɓi amincewa a rubuce da rasit na hukuma. Kada ku ɗauka amincewar ƙaramar hukuma ta rufe ƙofar jiha. Akwai dokar tsara birane da yankuna ta tarayya ta 1992, amma a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsarin gini hurumin jihohi ne, don haka dokar jihar Kano ce ke kanku, kuma gonar da ke bakin babban titi tana cikin wuraren da hukumar jiha ke sa wa ido. Ku kai musu zanen su buga hatimi, ko su rubuta cewa wurin ba ya cikin yankinsu.

Takardar mai unguwa da dagaci kuwa kada a raina ta, kada kuma a ɗora mata abin da ba nata ba. Shaida ce mai ƙarfi kan cewa gidanku ne ke noma wurin, ga iyaka, ga maƙwabta, babu jayayya, kuma an yi ciniki a gaban mutane. Jami'in ƙasa ma zai neme ta kafin ya buɗe fayil. Amma dokar 1978 ba ta ba mai unguwa ko dagaci ko hakimi ikon ba da haƙƙin zama ba, balle izinin gini. Mallaka daban, izinin yanka daban, izinin gini daban.

Amfanin wannan wahala yana fitowa ranar da gwamnati ta bukaci wurin. Sashe na 28 ya ba ta ikon karɓa don amfanin jama'a, na 29 kuma ya ce diyya ta abin da ke kan ƙasar ce, wato gini da shuka da bishiyoyi, ba ta fili tsurarsa ba. Wanda ya sayi fuloti da tsada ya ajiye ba gini, ba takardar hukuma, shi ne ya fi kowa rauni a ranar. Manomin da ƙaramar hukuma ta karɓi gonarsa kuwa, sashe na 6 ya ce a ba shi wata madadinta.

Malam Safiyo:

Barista ya gama da takarda, bari in yi maganar tef.

Hekta 2 murabba'in mita 20,000 ce. Fuloti mai ƙafa 50 a 100 yana cin kusan murabba'in mita 465. Dillali zai raba ya ce muku fuloti 43 ne, ya sa wa magada rai a kan wannan adadi. Ba za a samu ba. A awo mai kyau hanya da kwata da filin jama'a sukan ci kashi 25 zuwa 30 cikin 100, abin da zai yi saura fuloti 30 zuwa 32 ke nan, tun ba a cire na titi da na wuta ba. Gara a faɗa wa 'yan uwa wannan tun yau.

Titin tarayya yana da haƙƙin mita 45.72 a kowane gefe, wato ƙafa 150, kuma daga tsakiyar titi ake aunawa, ba daga bakin kwalta ba. A ce fuskar gonarku mita 100 ce, kuma shingenku yana mita 20 daga tsakiyar titi. Abin da ke cikin haƙƙin titi mita 25.72 ne sau 100, murabba'in mita 2,572, fuloti biyar da rabi. Su ne kuma fulotan bakin hanya da dillalai ke fara sayarwa da tsada don shaguna. Ranar da za a faɗaɗa titi su za a fara shafa wa jan fenti, mai saye kuma ku zai dawo wa.

Layin wuta mai falwayar siminti galibi 11kV ne ko 33kV, kuma duka biyun ƙa'idarsu mita 11, wato 5.5 kowane gefe daga tsakiyar layin. Manyan layuka masu hasumiyar ƙarfe na TCN, kamfanin dakon wutar lantarki na ƙasa, kuwa, 132kV mita 30 ne, 330kV mita 50. Ku tambayi ofishin KEDCO na yankinku ku san wanne ne naku. In layin ya yi tafiyar mita 140 a cikin gonar, murabba'in mita 1,540 ya tafi, fiye da fuloti uku. Dabarar ita ce a ɗora babbar hanyar unguwar a kan wannan zirin, falwayoyin su kasance a gefen hanya, sai asarar ta zama ɗaya maimakon biyu. Haɗarin gini a ƙarƙashin layi ba ya tsaya a rusau. Waya tana saki lokacin zafi, kuma daga cikin mutanen da take kashewa akwai masu aiki da suka ɗaga rodi ko kwano ko bututun ƙarfe, domin wutar irin wannan layi tana iya tsallakowa tun ƙarfen bai taɓa ta ba.

Burtali ba naku ba ne, ba kuma na dagaci ba ne da zai bayar. Ku tara dagaci da ardo da jami'in gona na ƙaramar hukuma a nuna tsohuwar iyaka, wadda sau da yawa layin aguwa ko bini-da-zugu ke nunawa, a kafa siminti a kai. Kada a lissafa shi a matsayin hanyar unguwa, kada kuma a yi fulotin da ba shi da mafita sai ta cikinsa.

Tsarin da ya fi arha shi ne layi biyu na fulotai baya da baya, ƙafa 100 da ƙafa 100, sannan hanya. Babbar hanya mita 12, na ciki mita 9. In kuka cire kwata ta santimita 60 kowane gefe da wurin falwaya, mita 9 takan koma 7, daidai mota biyu su wuce juna ko tifa ta sauke yashi. Duk bayan fuloti 8 zuwa 10 a buɗe hanya mai ratsawa, a datse kusurwar fulotan kwana da kamar mita 3 don mai juyawa ya ga gabansa. Hanyoyin su haɗu da na tsohon gari kai da kai. Lungun da ya toshe ba ya barin motar kashe gobara ta shiga, ba ya barin ruwa ya fita. Kafin a zana komai a ɗauki tudu da gangaren gonar da na'ura, ko aƙalla a zaga ta bayan ruwa mai ƙarfi a watan Agusta a ga inda yake bi da inda yake kwanciya. Wurin da yake kwanciya shi za a bari filin jama'a.

Matsalar awon igiya a aikace uku ce. Igiyar roba tana miƙewa da ja, ta rama tana ƙanƙancewa in ta jiƙe, kuma kuskuren rabin ƙafa a kowane fuloti ya zama ƙafa 5 bayan fuloti goma, wanda ko dai ya fita daga hanya ko daga fulotin ƙarshe. Na biyu, ba a daidaita kusurwa. Ko mai gini zai iya gwadawa: auna 3 a gefe ɗaya, 4 a ɗayan, tsakaninsu dole ya ba da 5. A fuloti mai 50 a 100, daga kusurwa zuwa kishiyarta ƙafa 112 ne ba kaɗan, kuma ɓangarorin biyu su zo daidai da juna. Na uku, turken itace gara ke ci, yara su cire, maƙwabci ya matsar. Ku ɗauki safiyo mai rajista da SURCON, wato hukumar rajistar safiyoyi ta ƙasa, ya kafa siminti mai lamba a kusurwa huɗu na kowane fuloti, ya ajiye kwafin zanen a ofishin Babban Safiyon jiha. Wayar hannu ba ta shata iyaka, kuskurenta yakan kai mita 3 zuwa 5.

Almajirin Fikihu:

Allah ya saka wa Barista da Malam Safiyo da alheri. Akwai matakin da ke gaban duk waɗannan, shi ne rabon gadon kansa. Muddin ba a raba ba, kowane taku na gonar na mutum 9 ne a haɗe, babu wanda zai nuna kusurwa ya ce tasa ce ya sayar. Wanda ya sayar da abin da ba nasa kaɗai ba, cinikin yana rataye a kan yardar sauran. Ku kai maganar kotun shari'a a fitar da takardar rabo, da sunan kowa da kasonsa, mata da maza. Wanda ke nesa ya ba da wakilci a rubuce da shaidu. Kason yaran nan biyu kuwa babban wa ba ya sayar da shi don ya ga dama. Sai wasiyyi ko wanda alƙali ya naɗa, kuma sai an nuna maslahar yaran ce.

Hanya da kwata ana fitar da su daga gonar baki ɗaya kafin rabo, a gaban alƙali, domin amfanin kowa ne har marayun, kuma su ke ɗaga darajar fulotansu. Filin masallaci ko makaranta kuwa wakafi ne, kyauta ce, don haka daga kason manya masu yarda zai fito, ba a taɓa na marayu.

A kula da shufu'a. A mazhabar Malikiyya, in ɗaya daga cikin masu tarayya ya sayar da kasonsa ga bare kafin rabo, sauran suna da haƙƙin karɓe shi a kan kuɗin da aka saya. Maƙwabci ba shi da wannan haƙƙi, kuma da zarar an raba an shata iyakoki an buɗe hanyoyi, shufu'a ta faɗi. Mai saye da ya ba da kuɗi kafin rabo yana iya wayar gari an mayar masa da kuɗinsa.

Malam Safiyo, a kan faɗin hanya za ka ji wasu suna kafa hujja da hadisin da ya ce in an yi saɓani kan hanya a sanya ta zira'i bakwai. Hadisin ingantacce ne, kuma zira'i bakwai bai wuce mita 3 da rabi ba. Amma hukunci ne na raba gardama, gwargwadon abin da ke wucewa a lokacin, raƙumi da kayansa. Bai hana masu ƙasa su faɗaɗa ba, kuma in hukuma ta sa ƙa'ida don maslahar jama'a, bin ta wajibi ne. Abin da ya haramta shi ne cin hanyar bayan an fitar da ita, da dakali ko rumfa ko matattakala, kuma gargaɗin da ya zo kan wanda ya ci ko taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci sananne ne.

Ƙa'idar maƙwabtaka ita ce ba cuta ba cutarwa. Malamanmu sun hana buɗe tagar da ke leƙa tsakar gidan maƙwabci, da buɗe ƙofa daidai da tasa a lungu mai ƙunci, da haƙa ramin da zai raunana katangarsa, da juya indararo cikin gidansa, da kawo hayaƙi ko wari ko girgiza inda babu su a da. Wannan ya shafi mai bene a tsakiyar gidajen ƙasa, ya kuma shafi mai injinku. Sannan duk fulotin da ruwa ke kwanciya ko ya shiga haƙƙin titi, ɓoye wannan ga mai saye aibi ne da ke ba shi damar mayar da ciniki.

Hajiya Duba-gari:

Ɗan'uwa, ni rijiya da masai ne damuwata, domin su ba a ganinsu a zane sai amai da gudawa sun ɓarke. Tazarar da ake so tsakanin ramin masai ko sokawe da rijiya mita 30 ce, kuma rijiya ta kasance ta sama da gangare. Fulotinku tsawonsa duka mita 30 ne da ɗan kai, faɗinsa 15. In kowa ya haƙa inda ya ga dama, masan wannan zai faɗo mita 5 daga rijiyar wancan, katanga kuma ba ta tare ruwan ƙasa. Tunda Malam Safiyo ya ce baya da baya, to a rubuta cikin takardar kowane mai saye cewa masai da sokawe a jikin katangar baya, rijiya a gaba kusa da ƙofa. Wanda ya fi wannan shi ne rijiyar burtsatse ɗaya ko biyu ta unguwa a wuri mai tudu. Ƙasan ramin masai ya tsaya aƙalla mita 1.5 sama da inda ruwa ke kaiwa a ƙarshen damina, ba a rani ba. A jigawa mai yashi ƙazanta tana tafiya nesa da sauri, don haka can a ƙara tazara. Rijiya a ɗaga bakinta, a yi mata daɓen siminti kewaye da murfi.

Injin niƙa da gidan kaji ba sa zama a tsakiyar gidaje. Ku ware musu kusurwa ɗaya a ƙarshen awon, wajen titi amma bayan haƙƙinsa, da hanya tsakaninsu da gidan farko. Injin a dasa shi a kan gindin siminti nasa daban wanda bai haɗu da katangar kowa ba, domin girgiza ita ke tsaga ginin ƙasa da bulo mara siminti sosai, salansa kuma ya kalli fili. Kaji 20 na tsakar gida ba matsala ba ne, amma ɗaruruwa suna kawo ƙuda da wari da ɓera, sai an tanadi inda za a kwashe kashi da ramin binne matattu. Mai shi ya nemi izinin sana'a a ƙaramar hukuma tun kafin ya saya. In maƙwabta suka kai ƙara, duba-gari yana ba da takardar gargaɗi da wa'adi, in ba a gyara ba sai kotu, kuma ana iya rufe wurin.

In akwai kududdufi kusa, kada a cike shi da shara a sayar. Shi ke shanye ruwan unguwa, gini a kansa kuma yana nitsewa ya tsage. Kada a bar masu bulo su haƙi ƙasa a cikin awon. Daɓen ɗaki ya ɗara hanya da santimita 30 zuwa 45, domin duk sa'ad da aka zuba wa hanya burji tana ƙara tudu, gidan da aka gina daidai da ita sai ya koma rami. A kuma ware wurin zuba shara tun a zane, in ba haka ba fulotin da aka daɗe ba a gina ba shi zai zama bola.

Ɗan Gado:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Barista, saura abu ɗaya. Akwai wani maƙwabci da mahaifinmu ya ara wa gefen gonar ta kudu, ya fi shekara 15 yana nomawa. Yanzu yana cewa wurin ya zama nasa. Wasu sun ce mu yi sauri mu fitar da satifiket ɗin gwamna a kan gonar duka, shi zai kashe maganar. Haka ne?

Barista:

Ba haka ba ne. Gwamna yana da ikon ba da satifiket ko a ƙauye, sashe na 5 da na 9 sun ba shi, kuma shi bankuna suka fi karɓa. Amma Kotun Ƙoli ta bayyana tun 1990, a shari'ar Ogunleye da Oni, cewa satifiket ba ya ƙirƙirar mallakar da babu ita. In wani ya tabbatar da haƙƙinsa ya riga naka, kotu tana soke shi. Fitar da shi a kan wurin da ake jayayya ƙarin kashe kuɗi ne kawai.

Abin da maƙwabcinku ke jingina da shi hauzi ne. A fikihun Malikiyya da kotunanmu ke aiki da shi, wanda ya riƙe ƙasa shekara 10 yana amfani da ita kamar tasa, mai ita yana nan yana gani bai yi magana ba kuma ba abin da ya hana shi, to ba a sauraron da'awar mai ita bayan nan. Tsakanin dangi wa'adin yakan kai shekara 40. Amma hauzi ba ya aiki a kan aro ko haya ko jingina, komai daɗewa, in an tabbatar da su. Don haka aikinku shi ne shaidar aron: dattawan da suka halarta, mai unguwar lokacin, ko wani abu da yake kawowa bayan girbi a matsayin godiya. Ku nemi waɗannan mutane yanzu a rubuta bayaninsu, tun suna raye.

Ku fara da sulhu a gaban dagaci, in ya gagara hakimi. In aka daidaita, a rubuta, kowa ya sa hannu, a kai kotu ta tabbatar. In sai shari'a, sashe na 41 ya ba ƙananan kotuna hurumin ƙasar gargajiya, kuma tun hukuncin Adisa da Oyinwola na 2000 babbar kotun jiha ma tana da shi. A lura da ɗaukaka ƙara: rigimar mallakar ƙasa tsakaninku da bare babbar kotu take zuwa, ba kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ba, wadda huruminta gado ne da wakafi da kyauta da makamantansu. Kafin a warware, Malam Safiyo ya zana gefen kudun daban ya bar shi ba lamba, kada a sayar da ko fuloti ɗaya a ciki, sauran gonar kuma a ci gaba da neman izininta.